Kiɗan Zamaninmu: Jawabin da Aka Gabatar a Taron Shekara na Tsofaffin Ɗalibai



Malam Shugaban taro, Shugaban makaranta da mataimakansa, iyayenmu malamai waɗanda Allah ya ja da ransu har suka ga furfurarmu, yayyena da ƙannena tsofaffin ɗalibai, da 'ya'yanmu ɗalibai na yanzu da nake hangowa can baya, barkanmu da sake saduwa.

Da sakataren ƙungiya ya aiko mini cewa ni zan yi jawabin bana, sai ya haɗa da sharaɗi. Ya ce kada in taɓo maganar rufin ɗakin kwana da iska ta yaye, ko kuɗin ƙungiya da ba a biya ba, domin ma'aji zai yi wannan bayan an ci abinci, lokacin da gudu zai yi wa kowa wuya. Ya ce in nemo abin da zai sa dattawa su murmusa. To, na zaɓi kiɗa da waƙa na zamanin da muke samari. Na san a cikinmu yau akwai alƙalai da limamai da masu rawani, akwai wanda in ya ji an ambaci kalangu sai ya sunkuyar da kai ya ƙara jan carbi. Allah gafarta malam, a yi mini haƙuri. Hukuncin kiɗa na bar wa masana, suna nan zaune. Ni labari zan bayar, kuma a bayan labarin ina da roƙo.

Mu 'yan ajinmu mun shigo makarantar nan a 1972, muka fita a 1976. Mun zo da fam da sule, a shekararmu ta biyu aka koma naira da kwabo. A wancan lokaci duk ɗakin kwananmu akwatin rediyo ɗaya ne, na wani babban ɗalibi, kuma wanda ya mallaki rediyo ya fi kaftin ɗin gida faɗa a ji. Ƙananan yara su ne masu shanya batir a rana da yamma, wai don ya ƙara ƙarfi. In dare ya yi sai a ja eriya, a murɗa zuwa mita 49, a kamo Kaduna. Shirin da ba mu yarda ya wuce mu ba shi ne Zaɓi Sonka. Mutum ya sayi kati, ya jera sunayen waɗanda yake gaisarwa tun daga kakarsa har zuwa mai shayin bakin tasha, ya aika, sa'an nan ya yi mako uku ko huɗu yana kasa kunne. Ranar da aka karanto sunan wani daga cikinmu, aka haɗa da sunan makarantar nan, kai, sai ka ce sakamakon jarrabawa ne ya fito. Da yawanmu a nan muka fara sanin muryar Haruna Uji da gurminsa, da Ali Makaho, da Musa Ɗanƙwairo, da Ɗan Anace yana zuga 'yan dambe, har da Mamman Gawo Filinge daga Nijar.

Wannan na ɗakin kwana ke nan. Na ɗakin taro kuwa daban ne. Daren Asabar, daren soshiyal, ba a sa kalangu. Akan kawo na'urar faifai da lasifika biyu, a ture bencina gefe, a sa James Brown da Jimmy Cliff, a sa Fela da Victor Uwaifo da Sonny Okosun. Tun daga 1973 da aka soma aikin bautar ƙasa, malamai samari suka riƙa zuwa mana daga Kudu da fayafayai a cikin akwatunansu, da suma a tare kamar kwando, da wando mai buɗaɗɗiyar ƙafa wanda ke share ƙasa, da takalmi mai tudu. Muka ga abin ya yi mana, muka kwaikwaya iyakar abin da dokar aski ta bari. Da kuɗin Udoji suka fito a 1975, rikoda mai cin kaset ta cika gari, har ta shigo mana nan ta hannun 'ya'yan ma'aikata. A shekararmu ta ƙarshe Prince Nico Mbarga ya fitar da Sweet Mother, kuma ba na jin akwai wani ɗan ajinmu da bai tuna da mahaifiyarsa ya yi shiru ba a ranar da ya fara jin ta. Ban manta da waƙoƙin Indiya ba. Duk wanda ya yi hutu a Kano ya leƙa Plaza ko Orion ko Eldorado, sai ya dawo yana rera Mohammed Rafi da Lata Mangeshkar a wurin wanki, baki cike da kalmomin da shi kansa bai san ma'anarsu ba. Malaminmu na lissafi, mutumin Indiya ne, yakan tsaya ya saurara, ya girgiza kai ya wuce.

Saboda haka mun tashi da kunne biyu. Ɗaya na nuna wa jama'a cewa mun waye, ɗaya na jin daɗin ranmu. Kuma gaskiyar magana, akwai 'yar raini a tsakani. Wanda aka kama yana bin amshin Shata a bainar jama'a sai a ce masa baƙauye. Malaminmu na Hausa ne kaɗai ya ƙi yarda da wannan. Yakan shigo aji da kaset, ya sa baiti ɗaya, ya tsayar, ya ce mu fito masa da kirari da zambo da habaici da ke ciki, mu faɗi abin da ya sa mawaƙin ya zaɓi wannan kalma ya bar waccan. A lokacin muna ganin ɓata lokaci ne. Yau ga shi, in ka shiga motar kowane ɗayanmu, da wuya ka tarar da James Brown. Shata za ka tarar, ko Ɗanƙwairo.

Amma abin da na fi so in tsaya a kai shi ne wasa na ido da ido, domin shi ne abin da 'ya'yanmu na can baya ba su gani ba, kuma waya ba za ta nuna musu shi ba. Waɗanda suka san hanyar bayan katanga a daren da aka ji makaɗi ya sauka a gari suna nan, ina ganinsu, wasu har da sandar girma. Ba zan kira suna ba. Ni dai nawa kallon a lokacin hutu na yi shi.

Bari in kwatanta muku yadda wasan Alhaji Mamman Shata yake. Tun la'asar gari ya ɗauka. Akan share fili, a jera kujeru a gaba domin masu biki da manyan baƙi, a rataye fitilun gas ko a ja wayar lantarki daga gidan da ke kusa. Mu yara da samari muna tsaye a baya, wasu a kan katanga, wasu a kan bishiya. Makaɗa su ke fara fitowa su ɗumama wuri. Kalangu, in ba ku taɓa riƙe shi ba, ganga ce mai siririn ciki da fata a baki biyu, an haɗa fatun da tsarkiya. Makaɗi yana saƙale shi a hammata, in ya matsa sai murya ta hau, in ya saki sai ta sauka. Da yake Hausa harshe ne mai hawa da sauka, sai ya zamana gangar tana magana, wanda ya saba yana jin abin da take cewa tun kafin a buɗe baki. Asalinsa kiɗan mahauta ne da 'yan mata a dandali, Shata ne ya ɗauke shi ya kai shi gaban sarakuna da gwamnoni, har ƙasashen waje.

Sai can dare ya raba tukuna shi kansa ya miƙe. Ba takarda a hannunsa, ba kuma wani shiri da aka yi jiya. Zai ba makaɗansa amshi, 'yar gajeruwar jimla guda, su riƙe ta suna maimaitawa, shi kuma ya riƙa ɗora magana a kai. Abin da ke gabansa shi yake waƙewa. Ya dubi wanda ya shigo yanzu ya kira sunansa, ya kira na ubansa da garinsu da sana'arsa, ya tuna wata kyauta da aka yi masa shekara goma da suka wuce a wani gari can daban. Mutumin da aka kira kuwa ba ya iya zama. Sai ka ga dattijo mai nauyi ya taso, babbar riga tana jan ƙasa, ya zo ya liƙa masa kuɗi a goshi. Sanƙira na gefe yana ɗaga takardar sama, yana shelar ko nawa ne da wanda ya bayar, yana ƙara gishiri. Wannan shela ita ke tayar da na kusa da shi, don ba ya so a ce an fi shi. Da aka fito da takardar naira 20 mai hoton Janar Murtala a 1977, wanda ya liƙa ta guda ɗaya sai an kwana ana zancensa. Wani ya ba da riga, wani doki, wani ma mota. Wanda kuma ya yi rowa ko ya yi wa mawaƙi wulaƙanci, to, ya shiga uku, domin zambon da za a yi masa a daren nan zai riga shi isa gida.

Ku lura da wannan, don a kansa roƙona zai tsaya. Waƙar ba Shata kaɗai ke yin ta ba. Shi da taron ne suke yin ta tare. In aka canja mutanen da ke zaune, waƙa ta canja. Shi ya sa za ka ji Bakandamiya a kaset uku, ka tarar kowacce da irin tafiyarta. Ana iya yin awa guda a kan amshi ɗaya ba wanda ya gaji, saboda kowa na jiran ya ji wa za a kira, me za a ce masa. Shi kuwa faifai ƙarami na kamfanoni irin su EMI 'yan mintoci kaɗan yake ɗauka a kowane gefe, babban ma bai fi kamar minti 20 ba. Kaset mai lamba 90 minti 45 ne a gefe. Wato abin da ya rage mana a hannu yanki ne aka yanko daga tsakiyar dare guda, ba ƙurar filin, ba guɗar mata, ba dariyar da aka yi lokacin da habaici ya faɗa a kan mai shi.

Ɗan Maraya Jos kuwa akasin wannan ne. Shi kaɗai yake zuwa, ba 'yan amshi, ba tawaga. Kuntiginsa bai fi tafin hannu biyu ba, gwangwani ne aka rufe da fata, da tsarkiya ɗaya tal. Na gan shi a wani ɗakin taro cike da mutane, ya tsaya shi ɗaya a gaban makirfo, na ce a raina yaya wannan ɗan abu zai cika wurin nan. Da ya taɓa shi sai wuri ya yi tsit. Shi bai damu da kiran manya ba. Karen mota ya yi wa waƙa, wato yaron da ke kwana a kan kaya yana sa wa taya waigi. A Jawabin Aure yakan zama miji ya zama mata, ya yi faɗan duka biyu da murya biyu, jama'a na dariya, kowane magidanci yana satar kallon na kusa da shi. Mai Akwai da Babu kuwa, mu da muke cin wake da garin kwaki a makarantar nan muna ganin da mu yake.

Sai 'yan kukuma, su Garba Supa a Kano da Hassan Wayam a Zariya da Ahmadu Doka. Kukuma ƙanwar goge ce, da izgar doki ake yi mata tsarkiya, da izga kuma ake goga ta. Kiɗansu na rawa ne, na samari da 'yan mata, kuma shi ne ainihin kiɗan yayi na birni a wancan zamani. Ba a yin bikin da ya amsa sunansa a Kano ba a ji Amarya Ango ba. Ba zan ɓoye muku ba, wasu wuraren da ake wannan kiɗa, otal-otal da kulob-kulob na Sabon Gari, ba wuraren da za mu so mu ga jikokinmu ba ne. Amma gwanintar hannun mutanen nan gwaninta ce, ko a ina aka yi ta.

Na Hajiya Barmani Choge, mu maza daga bayan zaure muka ji shi. Amada kiɗan mata ne na cikin gida, da ƙorai a kife ake yin sa, ranar suna ko biki. Mu dai muna jin ƙwarya na tashi, muna jin shewa, in iyayenmu mata suka fito sai mu ga suna ta dariya ba su gaya mana dalili ba. Sai da kaset ɗinta ya fito muka gane abin da take gaya wa kishiyoyi, da yadda take zuga mata su kama sana'a. 'Yan'uwanmu mata da suka zo tare da mazajensu yau sun fi ni sanin wannan babi.

Akwai kuma waɗanda suka haɗa kunnuwan nan namu biyu wuri ɗaya. Wanda ya yi aiki ko karatu a Kaduna bayan mun fita ya san Bala Miller da ƙungiyarsa a kulob ɗin Costain. Ga jita, ga kakakin Turawa, ga ganguna jere, mutane fiye da goma a kan dandamali cikin kaya iri ɗaya, amma in aka buɗe baki Hausa ce tsantsa. Ranar da na fara jin Ikon Allah ana kaɗa ta a gabana, ƙarar tana dukan ƙirjina, a ranar na san ashe harshenmu zai iya hawa kan waɗannan kayan ya zauna daram. Daga baya ya yi shiri nasa na kansa a talabijin na NTA. Bongos Ikwue ma a Zariya ya yi karatu, kuma muryarsa ce ke buɗe wasan Cock Crow at Dawn da muka riƙa kallo a farkon shekarun 1980. A 1977, lokacin FESTAC, Legas ta ga su Stevie Wonder da Miriam Makeba, mu kuma a Kaduna muka ga hawan daba, inda kowane sarki ya zo da makaɗansa, tambari da kakaki da algaita da kotso, har kunne ya rasa wanda zai bi.

To, ina abin ya tafi? Dalilan suna da yawa, ba zan tsawaita ba. Tun daga tsakiyar shekarun 1980 aljihu ya soma ƙuntata, ɗaukar tawagar mutum goma da motarsu da masaukinsu ya fi ƙarfin mai biki. Finafinan Hausa na bidiyo suka soma da Turmin Danya a 1990, kafin shekara goma fiyano ta shigo, yaro ɗaya a ɗaki ya fitar da sautin ganga da goge da sarewa da yatsunsa. Bayan 2000 hukumomi a jihohi da dama suka tsaurara a kan wasan dare, gidajen silima suka riƙa rufewa, sa'an nan rashin tsaro ya zo ya hana kowa kaiwa tsakar dare a fili. Su kuma gwanayen Allah ya karɓi abinsa: Ɗanƙwairo a 1991, Shata a 1999, Bala Miller a 2003, Barmani a 2013, Ɗan Maraya a 2015. Allah ya jiƙansu. Ban ce yaran yanzu ba su iya waƙa ba, akwai masu azanci ƙwarai a cikinsu. Amma mafi yawansu in sun zo biki, waƙar da aka riga aka ɗauka ake sakawa, su bi ta da baki. Ko wa ya shigo, ko wa ya fita, waƙar ba ta san an yi ba.

Masana sun yi nasu ƙoƙari. Farfesa Ɗandatti Abdulƙadir a kan Shata ya yi digirinsa na uku, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba Shatan digirin girmamawa a 1988, Ibrahim Sheme da abokan aikinsa sun rubuta tarihinsa, Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya tattara tarihin makaɗa da yawa. Waƙoƙin da dama kuma suna nan a intanet, jikana ma yakan nemo mini su a YouTube. Amma kwanan baya muna saurare tare ya tambaye ni, su wane ne waɗannan mutane da ake ta jero sunayensu, me suka yi? A wurinsa sunaye ne kawai. A wurinmu kuwa wannan direba ne da ya yi suna a hanyar Funtuwa, wancan ɗan kasuwa ne da muka san rumfarsa, wancan hakimin garin su wane ne, ga kuma dalilin da ya sa aka yi masa habaici. Wannan sani ba ya cikin kaset, yana cikin kawunanmu. Kuma kun ji jerin sunayen da sakatare ya karanto ɗazu, na 'yan'uwanmu da muka yi wa addu'a. Kowace shekara jerin ƙara tsawo yake yi.

Ga roƙona, Malam Shugaba. Na san a gidajenmu akwai fayafayai da kasakasai a cikin kwali, a ƙarƙashin gado ko a saman sif, zafi da ƙura suna cin su. Zaren kaset ba ya jiran kowa, in ya manne ya manne, ko an sa biro an juya ba ya dawowa. Waɗanda na fi kwaɗayi su ne waɗanda mutum ya ɗauka da rikodarsa a wurin biki, masu hayaniya da kukan yara da muryar sanƙira, waɗanda muke ganin ba su da kyau. Su ne babu irinsu a ko'ina. Ina roƙon ƙungiya ta naɗa mutum uku ko huɗu su karɓa, a juye su a kwamfuta, a mayar wa kowa da abinsa. Wanda ya kawo kaset kuma ya haɗo da takarda ko da shafi ɗaya ce: a wane gari aka yi, wace shekara, bikin wa, su wa aka kira. Wanda hannunsa ke rawa ya zauna da ɗalibi ya faɗa masa ya rubuta. A ajiye kwafi a laburaren makarantar nan, a ba malaman Hausa su yi aiki da shi a aji.

Sa'an nan in Shugaban makaranta ya yarda, a taron baɗi a nemo mai kalangu ko mai gurmi ko mai kukuma, cikin waɗanda suka rage a ƙauyukan da ke kewaye da mu, ya zo da rana tsaka, a gaban malamai, ya yi wa yaran nan wasa na awa ɗaya. A ba shi sunayen 'yan aji shida tun da wuri. Ina so in ga fuskar yaron da za a kira sunansa da na ubansa da na garinsu a gaban jama'a.

Ni na zo da kaset 14 a cikin mota, da takardunsu. Kuɗin mai kiɗan baɗi kuma 'yan ajin 1976 mun yi magana a daren jiya, mun ɗauka. Ma'aji sai ya rubuta, kada ya haɗa shi da kuɗin rufi.

 Allah ya jiƙan malamanmu da 'yan'uwanmu da suka riga mu, ya mai da kowa gidansa lafiya.